Watanda, Kwanon Maƙwabta da Taron Dangi: Yadda Ake Shirya Kirsimeti

Kafin a je kara neman sa, kafin a auno shinkafa, maigida da uwargida su zauna tun Nuwamba bai ƙare ba su lissafa gidajen da kwanonsu zai shiga ranar 25 ga Disamba. Wannan lissafin ne zai nuna yawan naman da za a nema, da wanda zai yanka, da tukunyar da za a ɗora. Gidaje da yawa suna yin abin a baibai: a dafa don 'yan gida da baƙi, sai abin da ya rage a tuna da maƙwabta. Shi ya sa kwano kan isa wani gida bayan la'asar, shinkafa ta huce, nama yanka biyu, wanda aka kai wa kuma ya gane cewa saura aka ba shi.

A fara da waɗanda ake katanga ɗaya da su, sannan duk gidan da ya aiko da naman layya ko abincin Sallah a bana. Sai gidajen da aka san ba za a ɗora tukunya ba a ranar: gwauruwa mai marayu, dattijon da 'ya'yansa ke nesa, wanda aka sallama daga aiki. Akwai kuma waɗanda aka fi mantawa da su, wato tsofaffin maƙwabta. Rikicin Kaduna na shekarar 2000 da na Jos na 2001 sun raba unguwanni, Kirista suka koma gefe guda, Musulmi suka koma ɗaya gefen. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna aron gishiri a hannun juna yau sai sun hau Keke Napep kafin su gaisa. In kuna da irin wannan gida, ku sa shi a takarda, ku ware kuɗin motar yaron da zai kai. Zumunta a ƙafa take, kuma ni a ganina wannan kwanon ya fi sauran nauyi, domin yaran gidajen biyu ba su da wata hanyar sanin juna.

Haɗa watanda

Sa guda ya fi ƙarfin yawancin gidaje, naman kilo kuma a makon Kirsimeti wuta yake yi. Mafitar da aka daɗe ana bi ita ce watanda, kamar yadda ake yi a jajibirin ƙaramar Sallah: mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi, a sayi sa, a yanka, a raba. Malaman makaranta ɗaya suna yi, 'yan Zumuntar Mata suna yi, 'yan layi ɗaya ma suna yi.

Rigimar watanda kusan kullum daga kuɗi take tasowa, saboda haka a rufe wannan ƙofar tun farko. A tsayar da yawan hannu, a rubuta sunan kowa da hannun da ya ɗauka, wanda bai iya hannu guda ba ya haɗa rabi da wani. Kuɗi su zauna a wurin mutum biyu, ko a asusun banki da ba a cira sai da sa hannun su biyun. A sa ranar rufe zubi, a kuma amince tun a zaman farko cewa wanda bai cika ba a ranar za a mayar masa da abin da ya zuba, ba tare da ɓacin rai ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a lissafa kuɗin sa kaɗai. Bayansa akwai la'adar dillali, kuɗin rasit a kara, motar da za ta kawo shi, dusa da harawar da zai ci kafin ranar yanka, ladan mahauci, itacen babbaka, ruwa da ledoji. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya ɓata lissafi. A tara waɗannan duka kafin a raba wa kowane hannu abin da zai biya.

Ga shawarar da na fi so masu watanda su riƙe. In hannun da suka biya 20 ne, a kasa nama gida 22. A ce komai da komai ya tashi naira miliyan ɗaya, kowa ya ba da dubu 50. Kashi biyun da aka ƙara ba za su rage wa kowa abin da zai ji a tukunyarsa ba, amma sun isa a raba wa gidaje shida ko takwas da ba su da halin shiga. A yanke wannan shawara ranar da aka fara zubi, kada a bari sai nama yana ƙasa, domin a lokacin idon kowa yana kan kasonsa.

Sayen sa a yi shi da wuri, makon farko ko na biyu na Disamba, in akwai inda za a ɗaure shi. Mutanen Jos suna da kara a Bukuru, na Kaduna suna da Zango a Tudun Wada, masu hali kuma kan aika har Potiskum ko Mubi ko Maigatari. Duk inda za a je, a tafi da wanda ya san shanu, kuma a buɗe bakin dabbar a duba. Shanu ba su da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. Na nono ƙanana ne, manyan biyun farko kan fito wajen shekara biyu, sai su cika takwas wajen shekara huɗu zuwa biyar. San da ke da manya huɗu ko shida ya yi nama kuma bai yi tauri ba. Wanda haƙoransa suka cinye tsoho ne, zai cinye muku itace. A ga hancinsa da danshi, yana tuƙa, gashinsa a kwance, ba ya tari, ba ya dalalar da yawu, ba zawo a bayansa. A dafa gadon bayansa da gindin jela da tozo, nan ake sanin ƙiba. Girman ciki ruɗi ne, wani ruwa aka ɗirka masa da safe. Ko Bunaji ne fari, ko Rahaji ja mai dogon ƙaho, ko Bokolo, naman da za a samu bayan fiɗa bai cika wuce rabin nauyinsa ba, saboda haka kada a yi wa mutane alkawarin abin da ba zai fito ba.

A guji saniya, don kada a yanka mai ciki. A tambaya ko an yi wa dabbar allura kwanan nan, domin magani kan ɗauki kwanaki kafin ya bar jiki. A karɓi rasit, dillali ya tsaya shaida. Da yadda satar shanu ta yi yawa, san da aka ba ku da araha mai ban mamaki a bayan kasuwa ku bar shi inda kuka gan shi.

Wa zai yanka? Mahauci Musulmi. Iyayenmu a Kafanchan da Kaltungo da Numan da Tafawa Ɓalewa haka suka saba, ko kaza ce sai a aika a kira Malam ya yanka, don kada a dafa abin da maƙwabci ba zai iya sa wa a baki ba. A yi magana da sarkin fawa mako guda kafin lokaci, domin ranakun 23 da 24 kowane mahauci hannunsa a cike yake. In za a iya kai san kwata inda ma'aikacin lafiyar dabbobi ke duba nama, ya fi. In a gida ne, a ba shi ruwa ya sha, a hana shi ci tun daren jajibiri, a yanka da asuba kafin ƙudaje su tashi. Da an fasa ciki a duba hanta da huhu. Hantar da jijiyoyinta suka yi fari suka yi kauri, da tsutsa mai faɗi a ciki, a zubar da ita. In an ga ƙulle-ƙulle masu kama da cuku a huhu, a dakata da rabo a kira likitan dabbobi, domin tarin fuka na shanu yana kama mutane.

Rabo kuwa a shimfiɗa tamfol mai tsabta a inuwa. A fara da tsoka, a zagaya kowane kashi da sikeli. Sai ƙashi, sai kitse, sai kayan ciki, ta yadda kowa zai samu ɗan hanta da tumbi da hanji. Kai da ƙafa da jela da fata ba sa rabuwa ashirin, don haka a yi gwanjonsu tsakanin 'yan watandar, kuɗin ya shiga ladan mahauci. In an gama a sa wa kowane kashi lamba, a rubuta lambobin a takarda, yaro ƙarami ya riƙa zaro wa kowa. Wanda ya yi rabon shi ne na ƙarshe a ɗauka. Kashin maƙwabta ma ya shiga ƙuri'a kamar na kowa, kada a ware masa ƙashi da kitse.

Daga madafa zuwa ƙofar maƙwabci

Yankan Musulmi bai wadatar ba in tukunya ba ta da tsabtar da maƙwabci zai yarda da ita. Gidan da ake dafa naman alade ya ware tukunya da ludayi da man suya dabam don abincin rabo, kada kuma giya ko burkutu su kusanci wannan girkin. In hakan ba zai yiwu ba, a aika da ɗanyen nama daga watanda, ko cincin da lemon kwalba. Abin da ba ya halatta ko kaɗan shi ne a tambaye ku ku ɓoye gaskiya. Amanar shekaru ce za ta rushe a kan kwano ɗaya.

Akwai kuma maƙwabcin da ba ya karɓar abincin Kirsimeti ko wa ya yanka. Malaman Musulunci sun yi saɓani a kan abincin bikin wani addini, wasu sun halatta, wasu sun hana, kowa kuma da malamin da yake bi. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kada a ɗauke shi da zafi. Uwargida ta bincika a hankali ta wajen matan gidan tun kafin ranar, don kada a aiki yaro a dawo da shi da kwano a rufe, abin ya zauna masa a zuciya. Irin wannan gida a kai musu alheri a wani lokacin, ranar suna, ko sa'ad da aka kawo sabon dankali ko doya daga gona. Wasu kuma da ƙafarsu suke zuwa. A Kaduna, Musulmi da dama sun saba halartar Kirsimeti a cocin Fasto Yohanna Buru kowace shekara. Tsakanin mai zuwa da mai ƙin karɓa akwai mutane iri-iri, kowa a bi shi yadda yake.

Aikin madafa a rarraba shi cikin kwanaki. Cincin tun saura mako guda, a bar shi ya huce sarai kafin a rufe a bokiti. Ranar 24 a tafasa nama da albasa da citta da kanumfari, a soya shi ya bushe, a ajiye romon don dafa-duka. A yi markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu da yamma, a tafasa shi a daren don kada ya yi tsami. Zoɓo ma a daren za a dafa. Kunun aya kuwa sai da safe, domin ba ya jure zama in babu sanyi. Shinkafa a ɗora ta da asuba. Kilo ɗaya na ɗanya yana ciyar da mutum takwas zuwa goma, sai a duba yawan mutanen kowane gida a zuba daidai da su. Gidan mutum goma sha biyu ba a kai masa kwanon mutum biyu.

Kwanukan rabo su fita kafin a tafi sujada, da zafinsu. Dafaffiyar shinkafa in ta yi awanni a rufe cikin kula da ɗumi-ɗumi tana ɓata ciki ko da ba ta yi wari ba, kuma sanyin hunturu ba ya hana wannan. Ga shi kuma in an dawo daga coci baƙi sun cika gida, ba mai sauran hankalin aike.

Yara ne 'yan aike, a koya musu abin da za su ce. Yaro ya yi sallama, ya jira a amsa, ya durƙusa ya ce, “Hajiya, ina kwana? Wai in ji Mama ga wannan, tana gaishe ku.” Za a ce masa, “Madalla, an gode. Ka ce da Maman taku barka da Kirsimeti, Allah ya maimaita mana.” In an ba shi tukwici ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Amma a ja masa kunne tun daga gida cewa ba ya tsayawa jiran tukwici, musamman a gidan da aka san babu. Ya ajiye, ya gaisa, ya juyo.

Wanda ba shi da shi

Dafaffen abinci na ranar biki gaisuwa ce. Taimako kuwa kafin ranar ake yinsa. Uwar da ke da marayu ta fi son ta ɗora tata tukunyar, 'ya'yanta su ga hayaƙi na tashi a gidansu kamar na kowa. Saboda haka saura mako guda a kai mata ɗanyar shinkafa, man gyaɗa, kayan miya, da kasonta na watanda in an yanka. In akwai hali a haɗa da yadi tun farkon wata, domin tela ba ya karɓar ɗinki a makon ƙarshe. Mace ɗaya ta kai, da magariba, ba rakiya. Kada a ɗauki hoto, kada a sa a Facebook, kada a tsayar da ita a gaban ikilisiya a kira sunanta. Sura ta 6 ta Matiyu ta yi gargaɗi a kan sadakar da ake yi don mutane su gani, kuma duk wanda ya taɓa karɓa a gaban jama'a ya san zafin abin.

Disamba tsakiyar hunturu ce, a Jos da Pankshin da Mambila kuwa sanyin dare ba wasa ba ne ga tsoho. Bargo da rigar sanyi da man shafawa kan fi nama amfani a wani gidan. In kun kai, ku duba ɗakin. Tsofaffi da yawa suna shiga da kaskon gawayi su rufe ƙofa da taga, hayaƙin da ba a gani kuma yana kisa cikin barci. Haka janareta: a waje, nesa da taga.

Ba kowa ne ke murna a wannan mako ba. Hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023 sun bar iyalai da yawa da makoki a daidai ranar da kowa ke biki, wasunsu kuma suna zaune a gidajen 'yan'uwa a cikin gari. Haka duk gidan da aka yi rashi a cikin shekarar. Irin waɗannan ba a aika musu yaro. Babba ya je da kansa, ya zauna, ya ambaci mamacin da sunansa, kada ya ce a daina kuka don yau ranar farin ciki ce. Saboda su ne ma ya kamata a hana yara fasa banga a layi. Wanda ya taɓa gudu cikin dare ba ya bambanta ƙararta da ta bindiga, ga kuma gobara a lokacin da ciyawa ta bushe.

A ajiye kwano biyu ko uku don masu aiki a ranar: maigadin layi, jami'an da ke tsaye a ƙofar coci, ma'aikaciyar jinya da ke maƙwabtaka wadda ta kwana a asibiti.

Taron dangi

Ranar 26 hutu ce a Najeriya, kuma ita ta fi dacewa da zaman dangi, tun waɗanda suka zo daga Abuja da Legas da Fatakwal ba su fara haɗa kaya ba. A sa lokaci, a sa mai jagora, a sa mai rubutu. In an bar shi sai yadda ta yiwu, hira za ta cinye yinin, a watse ba a san halin da kowa ke ciki ba.

A yi shi da harshen da Kaka take ji. A dangin da Berom ya auri Bajju, Tangale ya auri Bachama, yawanci Hausa ce ke haɗa kowa, kamar yadda take haɗa su a coci tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Jikokin da suka tashi da Turanci a fassara musu, kada a juya taron saboda su tsofaffi su zama 'yan kallo. Dangi da yawa a Gombe da Adamawa da Nasarawa da kudancin Kaduna suna da Musulmi da Kirista ciki ɗaya. A tanadi buta da tabarma mai tsabta, in Azahar ta yi a dakata su yi salla.

Bayan addu'a, a bi gida-gida daga babba zuwa ƙarami. Kowane gida ya faɗi abin da ya same shi a shekarar: haihuwa, aure, rasuwa, wanda ya gama makaranta, wanda ya tafi bautar ƙasa, wanda ya sauya gari, yadda gona ta yi. Mai rubutu ya sa sunayen jarirai da ranakun haihuwarsu a littafi guda da ba a canzawa, tare da sababbin lambobin waya. Bayan shekara goma wannan littafin zai zama abin da ake nema in gardamar shekaru ko ta gado ta tashi.

Labari na mai shi ne. Ciwon wani, ko bashinsa, ko rikicin aurensa, ba a faɗa a taro sai da izininsa, kuma mai jagora ya tambaye shi a keɓe tun kafin ranar taron. A hana tambayoyin da ke korar mutane daga gida: yaushe za ki kawo miji, har yanzu shiru ba haihuwa, kai har yanzu ba aiki. 'Yan mata da samari da yawa sun daina zuwa Kirsimeti saboda waɗannan kalmomi, iyaye kuma suna zaton tsadar mota ce. Rigimar fili ko ta gado a ba ta wata rana da dattawa kaɗan.

Kafin a tashi a yi maganar Janairu, domin makarantu na komawa a farkonsa, aljihu kuma ya bushe. A tambaya ko akwai yaron da kuɗin makaranta zai hana shi komawa, a san wanda zai ɗauki nauyinsa, a rubuta. Waɗanda ba su samu zuwa ba, mai rubutu ya yi musu saƙon murya a WhatsApp da yamma, gajere, ya bi abin da ke littafin ban da abin da aka ce a rufe. Masu komawa su kama hanya da safe, kada dare ya same su a daji. Tsofaffin da za a bari a gida kuma a raba watanni goma sha biyu tsakanin 'ya'ya da jikoki, kowa ya san watan da zai riƙa kira yana aiko da kuɗin magani. A karanta sunayen da ƙarfi a gaban Kaka, a ba wanda ke kwana gida ɗaya da ita kwafin takardar.